Muryar Mama a Baƙin Faifai

"Kashe shi! Tracy, na ce ki kashe!"

Lizzy ce ta ƙwala ihun, ba ta ma san lokacin da tiren ya suɓuce mata ba. Kunu ya malale a kan kafet ɗin da Mama ta sa aka wanke musamman domin yau, ranar da dangin Choji suka cika falonsu na garin Lanham, can ƙasar waje, sun zo gaisuwar neman aurenta.

Babu wanda ya kalli kunun.

Muryar mahaifiyarta ce ke fita daga sifika. Muryar Mama Edna, tana rawa, tana jan waƙar da ta rera bara a bakin kabarin mijinta a Jos, tulun kiɗan zumuntar matan coci yana amsa mata daga baya, dum... dum...

Sai gita ta rufto kamar an juye tirelar rodi a kan kwalta. Ganguna suka haukace. Wani gurnani ya taso daga ƙasan maƙogwaro ya haɗiye muryar Mama ɗungurungum.

Gurnanin Choji ne.

"Ayya, ni fa cewa na yi a ji aikin ango," in ji Tracy, tana danna wayarta a hankali kamar ba ta san inda ake kashewa ba. "Na ɗauka kowa ya sani. Ai tun jiya yake yawo a intanet."

Tracy, 'yar kwaya, wato mawaƙan cocinsu, wadda ta riga Lizzy ganin Choji, ba ta kuma taɓa yafe mata ba.

Mama Edna ta miƙe, ta gyara ɗaurin zaninta.

"Choji."

"Na'am, Mama."

"Ni ce wannan?"

"Mama, in kika bari na yi bayani..."

"Tambayarka na yi. Ni ce nake kukan mijina, kai kana yi mini haushi a kai?"

Kawu Bot, ƙanin marigayin, ya tura kwandon goron da aka kawo da ƙafarsa har gaban baƙi.

"Ku ɗauki kayanku. Mun ce injiniya ne zai auri 'yarmu, ashe mai kiran aljanu ne."

Lizzy ta fice a guje. Choji ya cim mata a bakin gareji, babbar rigarsa tana harɗe masa ƙafafu.

"Lizzy! Masoyiya, tsaya mana!"

"Kada ka taɓa ni!"

Abin takaicin, ta san daga inda abin ya samo asali. Ta san shi kamar tafin hannunta.

Ranar da suka fara haɗuwa, a wani shagon tsofaffin faya-fayai a Takoma Park ne. Ruwa ya koro ta ciki da kayan aikinta na nas, ta tarar da wani dogo ya rungume baƙin faifai kamar jariri. Ta ji yana waya da Hausar Jos, ta yi dariya, shi ke nan.

Wannan faifan shi yake kira Kaka. Wasu samari uku ne, in ji shi, suka naɗe shi a ɗakin ajiyar gidan burodi tun kafin a haifi Choji da Lizzy, da sifika fasasshiya da gangunan aro. Masu sharhi suka ce shara ce. Amma duk wanda ya zo daga baya a irin wannan kiɗa mai tsanani, a nonon Kaka ya sha: saurin ganga, gurnanin, har ƙarar fasasshiyar sifikar sai da mutane suka riƙa sayen na'ura don su kwaikwaya.

"Kin ji yadda ya buɗe?" ya taɓa ce mata, ya ɗora mata abin ji a kunne. "Kakar mawaƙin ce take waƙa a coci. Sai kiɗan ya binne ta. Tun daga nan ya zama al'ada, baby. Kana buɗe faifanka na farko da muryar da ta fi taɓa maka zuciya."

A lokacin ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka." Har ta riƙa raka shi wasa da abokansa, da auduga a kunnuwanta, tana alfahari da baƙin fata ɗaya tilo a kan dandamali.

Yanzu ga shi a gabanta, idanunsa sun kaɗa.

"Girmamawa ce, Lizzy. Wallahi a wurinmu babu girman da ya wuce wannan. Ban taɓa jin murya kamar ta Mama ran nan ba. So na yi duniya ta ji Baba, kada a manta da shi..."

"Ka tambaye ta?"

Ya kawar da fuska.

"Ni fa? Ka tambaye ni?"

"So na yi na ba ki mamaki ranar bikinmu."

"To ka ba ni." Ta yi wata dariya mai ɗaci. "A ina ka samu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bidiyon da kika turo mini."

Ba ta samu zuwa jana'izar ba, takardunta ba su fito ba a lokacin. A waya ta kalli yadda aka binne ubanta, a kan kujerar ɗakin Choji, kanta a kafaɗarsa, tana kuka har muryarta ta dushe. Shi ya yi ta shafa bayanta. Shi ya ce a mayar da wurin waƙar Mama baya. Sau ɗaya, ya sake cewa a mayar.

Ta ɗauka don ita ne.

"Choji, kalle ni. Ran nan da ka ce na mayar da bidiyon baya... ni kake rarrashi, ko sauti kake saurara?"

Bakinsa ya buɗe. Ya rufe.

Wannan ɗan jinkirin ya ishe ta.

"Zan cire!" ya ce da sauri. "Yau ɗin nan zan sauke shi. Zan je na durƙusa wa Mama, na durƙusa wa Kawu, har fasto zan ɗauko. Lizzy, rayuwata, kada ki yi mini haka..."

"Cire ɗin tukuna."

Ya kuwa cire. Abokan kiɗansa suka yi kamar su cinye shi ɗanye, ɗaya ma ya bar ƙungiyar. Choji ya zo da fasto, ya zube a kan kafet ɗin nan mai tabon kunu, gwiwa biyu a ƙasa.

Mama Edna ta dube shi.

"Na yafe maka, ɗana. Dole ne, haka aka umarce mu. Amma ka san tun ran nan ban buɗe baki a zumunta ba? Da na ɗaga murya sai na ji karnukanka suna tahowa."

Duk da haka ta ce maganar aure tana hannun Lizzy. Kawu Bot ya yi ta tsaki, amma bai hana ba. Tracy ta koma zama a layin baya na kwaya, babu mai gaishe ta.

Lizzy kuma ta fara saukowa, don zuciya ba ta jin magana. Ta bar zoben baikonsu a yatsarta. Ta fara amsa wayarsa. Har ta yarda ranar Asabar za su haɗu a shagon nan na Takoma Park, inda komai ya fara.

Ranar Asabar ɗin, da ta tashi daga aikin safe, ta shiga jirgin ƙasa na Metro a gajiye. A gefenta wata baturiya ce zaune, gashi kore, baƙar riga, ta ƙure ƙarar abin jinta har yana fitowa waje.

Dum... dum...

Lizzy ta daskare.

Tulun zumunta ne. Sai muryar Mama, siririya, tana rawa, tana kiran sunan mijinta.

Ta taɓa kafaɗar matar, ta tambaye ta da Turanci ina ta samu.

Fuskar baturiyar ta washe. Ai kowa yana da shi! Masu shi sun sauke, amma mutane sun riga sun kwafa, saukewar ma ita ta ƙara masa daraja. Har wata ƙungiya a wata ƙasa ta yanki muryar tsohuwar ta sa a nata faifan. Yanzu kowa neman irin wannan kukan yake.

"Ban san me take cewa ba," in ji ta, "amma tsikar jikina tashi take. Kin san yaren?"

"Na sani."

"Me take cewa?"

Lizzy ta kalli taga.

"Ba da ke take ba."

A shagon ta same shi, ya yi aski, ya riƙe furanni. Murmushinsa ya mutu da ya ga fuskarta. Ta faɗa masa abin da ta ji, kalma bayan kalma, idanunta a kan nasa.

"Wata ƙungiya?" ya ce a hankali. "A wace ƙasa?"

Ta gani. Daƙiƙa guda ce, ya yi saurin ɓoyewa, amma ta gani. Wani haske ya gilma a idonsa, irin na ranar da ya rungume Kaka.

"Ka ji daɗi," ta ce.

"A'a, Lizzy, ni dai..."

"Ka ji daɗi, Choji. Burinka ya cika. Ka zama kakan wasu."

"Na cire fa! Me kuma zan yi? Faɗa mini, ko mene ne!"

"Dawo wa uwata da muryarta."

Ya tsaya da furannin a hannunsa.

Ta murza zoben, da ƙyar ya fita. Ta ɗora shi a kan akwatin faya-fayan da ke tsakaninsu.

"Ina sonka. Shi ne abin haushin. Amma ba zan kwana kusa da mutumin da in na yi kuka zan riƙa tunanin ko yana auna daɗin sautin ba."

"Masoyiya..."

Ba ta waiwaya ba.

Washegari a coci, matan zumunta suka fito da anko, aka ɗauki tulu. Mama Edna tana tsaye a tsakiyarsu, inda ta saba ba da waƙa shekara da shekaru. Aka buga, aka sake bugawa, ana jiranta.

Ta buɗe baki.

Ta rufe.

Lizzy ta tashi daga kujerarta, ta ratsa layi, ta je ta tsaya kusa da ita, ta kama hannunta da hannun nan da babu zobe.

Wata mata daban ce ta ba da waƙar.