Gwiwar Kausar

Haladu, kai ka cuci yarinyar nan, kuma bakina ba zai rufu ba.

Kausar jikata ce, ɗiyar 'yata. Da iyayenta suka rasu, Haladu ƙanen ubanta ya ɗauke ta zuwa gidansa a Gozaki, ya haɗa da gonar uban. Tun tana ƙarama gwiwarta ta dama ke yin ƙas in ta lanƙwasa ta, da ta tasa kuma in ta durƙusa sai ƙafar ta ƙage, ta ƙi miƙuwa. Shi ya sa baiwar Allah ta koma gaida manya a tsaye, tana ɗan rusunawa. Laifinta ke nan duka! Ranar wani suna, a gaban baƙi, Haladu ya zabga mata kara.

"Baffa, wallahi ƙafar ce..." in ji ta, tana hawaye.

"Ƙafar da ke kai ki rijiya? Durƙusa, mara kunya!"

Ta durƙusa, ta kasa tashi, ya ce iya shege ne. Daga nan aka ce iska ce, aka turara ta, mai ɗori ya murɗe ƙafar, wanzami ya tsaga. Gari ya ɗauka wai marainiya ba ta da tarbiyya, iyaye suka hana 'ya'yansu zama da ita. Ita ko sai dai ta ce, "Allah, kai ka sani."

Da labari ya iske ni a Ƙarfi, na hau mashin da tsufana na ɗauko abata, sai asibitin Malumfashi. Likita ya lanƙwasa ƙafar a hankali, ya ji ƙas ɗin nan, ya tura mu Zariya ɗaukar hoto. A can aka ce mini, "Hajiya, akwai guringuntsi tsakanin ƙasusuwan gwiwa. Na kowa kamar jinjirin wata yake, nata faffaɗa kamar faifai. Haka aka haife ta, ba kasafai ake gani ba, ga shi ya yage yana maƙalewa."

Na ce, "Likita, sake faɗa da ƙarfi, ko za a ji a Gozaki."

Aka ce sai an yi mata aiki. Ni da nake jiran a feɗe ta kamar rago, ashe 'yan ƙofofi biyu kawai suka huda, suka leƙa da na'ura, suka rage abin suka ɗinke. Na yi kuka, na yi guɗa, har nas ta kore ni waje.

Yanzu Kausar har tsere take nema da ni. "Kaka, ko ke ma a kai ki a gyara?" Na ce tawa ta fi ƙarfin likita, ja'ira.

Maigari ya ji komai, ya karɓe gonar daga hannun Haladu ya mayar mata. Na gode, amma da saura. A bainar jama'a ka ɓata mata suna, Haladu. Ka fito ƙofar Maigari ranar Juma'a, bayan an sauko, ka gaya wa mutanen Gozaki abin da marainiyar nan ta yi maka.