Gurbi a Jerin Rakiyar Gawa

Ranar Asabar da rana na ɗauko Baba daga gidan kula da tsofaffi don ya ga Wendell, garin da aka haife shi. Tun farkon shekara yake roƙona, kullum sai in ce masa mako mai zuwa. Da na zo ɗin ma gangar jikina ce kawai ta zo, hankalina yana kan waya.

Ya nuna mini tankin ruwan garin da suka taɓa hawa suna samari. Ya nuna mini cocin da aka ɗaura aurensu da Mama, da gadar katako mai rufi. Ko ina sai ya tsaya ya dogara sanda ya ba da labari, ni kuwa ina ta "to, to" ba tare da na ji ko rabi ba.

A gidan abincin bakin titi, mai wurin, wata tsohuwa Verna, ta ajiye masa kek ɗin tuffa ta riƙe ƙugu.

"Merle, ashe kana nan da ranka? Mu har mun raba gadonka."

"Sai na binne ki tukuna," in ji Baba, yana dariya har da tari.

Ya ci kek ɗin nan a hankali, har ɓurɓushin. Gaskiya na ƙosa, kuma ya gani a fuskata.

Rana ta yi ja muka kama hanyar komawa. Masara ta bushe a gonaki hagu da dama, ta fi mutum tsayi, iska na kaɗa ta. A wata mararraba muka tarar da jerin motoci suna tafe sannu sannu, duk fitilunsu a kunne, motar gawa a gaba.

A wajenmu ko yaro ya san ƙa'ida. In rakiyar gawa ta zo, ka sauka gefe ka tsaya sai motar ƙarshe ta wuce. Ba a wuce su, ba a ratsa su.

Baba ya cire hularsa. "Tsaya, Lorna."

"Baba, dare zai yi mana."

"Na ce ki tsaya. Na gaban ma ba ya sauri, ke ina za ki?"

Na hango gurbi tsakanin motoci biyu. Na taka mai na shige, da niyyar in na sami fili in wuce su.

Nan take rediyo ya ɗauke.

Ƙamshin furannin jana'iza ya cika motar, haɗe da warin ɗanyar ƙasa. Na juya sitiyari don in fita daga layin. Ya ƙi motsi. Na taka birki, ya nutse har ƙasa, mota tana ta tafiya abinta.

Babu ƙarar inji ko ɗaya. Sai ƙas ƙas ɗin masara.

Na duba madubi. Motar bayanmu tsohuwar yayi ce. Mutanen ciki sanye da baƙaƙen kaya, ba mai ƙifta ido.

Baba ya waiga, ya ce cikin raɗa, "Wancan Dale Yoder ne. Da ni aka ɗauki akwatinsa."

"Wa suke kaiwa?"

Ya mai da dubansa gaba. Da muka sha kwana na hango cikin motar gawar ta gilashi. Babu akwati.

A ƙofar tsohuwar maƙabarta motocin suka tsaya, tamu ma ta tsaya. Wani dogo mai baƙar kwat ya buɗe bayan motar gawar. Ya tako zuwa tagata.

Ya ƙwanƙwasa.

"Mai tuƙi," ya ce. Muryar kamar daga cikin rijiya.

Ƙofata ta buɗe da kanta. Ƙafata ɗaya ta sauka ƙasa, ba da izinina ba.

Sai na ji Baba ya fita. Mutumin da ba ya taku biyu sai da sanda ya zagayo motar babu sanda, ya shiga tsakaninmu, hularsa a ƙirji. Ya yi magana ƙasa ƙasa.

Dogon ya dube ni. Ya dubi Baba.

Ya miƙa hannu ya karɓi hular.

Fitilu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Da ta ƙarshe ta mutu, ba kowa a hanyar sai mu. Baba ya dawo ya zauna, inji ya tashi.

Sai da muka ga hasken babban titi na juya gare shi.

"Baba, me ka ce masa?"

"Na ce ni na sa kika shiga. Na ce ke yarinya ce mai jin magana." Ya dafa hannuna, nasa sanyi ƙalau. "Na ji daɗin yau, Lorna. Na gode."

Ranar Talata da safe aka kira ni daga gidan tsofaffin, ya cika cikin barci. A Wendell muka binne shi. Hularsa na rataye a ƙofar maƙabarta, ban iya taɓa ta ba.

Abin da har yau ke cin raina shi ne hanyar zuwa maƙabarta. Ina zaune a motar da ke bin gawarsa, ina kallo. Manomi a kan tarakta, direban babbar mota, wata yarinya da ko sunansa ba ta sani ba, kowa ya sauka gefe ya tsaya wa Baba. Ko mutum ɗaya bai yi sauri ba.