Garayar da Sagiru Ya Ɗora a Intanet

Ana kiran sallar magariba a Ƙofar Durbi dutsen farko ya faɗo kan kwanon gidan marigayi Alhaji Dabo. Hajo, matar marigayin, ta leƙa lungu tana zagin 'ya'yan maƙwabta. Babu kowa. Na biyu ya sauka kusa da randa, da zafinsa.

Ɗanta Sagiru bai ko ɗago kai ba. Tun da ya gaji kaset-kaset na mahaifinsa yake juye su cikin kwamfuta, yana kasa su rukuni-rukuni. Ya rubuta wa kwamfutar wani ɗan umarni: kullum da faɗuwar rana ta ɗora abin da ke cikinta a shafin sauraren waƙa na intanet, wanda ta ga babu a can ta mayar. Masu zancen aljanu kuwa, ya ce jahilci ke damunsu.

Wata magariba matarsa Furera tana kwasar tuwo, sai ta saki mara, ta zauna dirshan, ta kama dariya da muryar tsoho. Aka ɗauko Malam Lawal na Gobarau. Ya daɗe yana karatu kafin muryar ta kula shi.

"Wane ne kai?"

"Ba ku kai ku ji sunana ba. Ina mai kwamfutar?" Idanun Furera suka tsaya kan Sagiru. "Akwai kiɗan garaya cikin tarkacen ubanka. Kirarina ne. Da can sai an share fili an turara shi ake kaɗawa. Kai ka jefa shi cikin waƙoƙin motsa jiki. Kowane sakarai ya danna, dole in taso. Jiya na keta dawa har Legas, na tarar da ƙato yana gudu kan inji da waya a kunne."

"To wagga baiwar Allah mi ta yi maka?" in ji Malam.

"Jikin mijinta na so in shiga. Na leƙa kansa, ban ga wurin zama ba."

Sagiru ya goge kiɗan daga shafin. Furera ta yi barci.

Washegari rana na faɗuwa kwamfutar ta ga giɓi, ta mayar da kiɗan kamar yadda aka umarce ta. Furera ta faɗi har goshinta ya fashe.

"Maƙaryaci," in ji muryar. "Ko bawanka na ƙarfe ba ya jin maganarka."

Malam ya ce a goge na kwamfutar, a kashe umarnin, a ƙone kaset ɗin. Sagiru ya tsuguna. Ya ce a farkon kaset ɗin akwai muryar mahaifinsa yana gaida makaɗan, kuma babu ita a ko'ina sai nan. Ya roƙa a bar shi ya yanke wurin.

"Garayar na kaɗawa ƙarƙashin muryar," in ji aljanin.

"Sagiru," in ji Malam, "dubi goshin matarka."

Hajo da ke bakin ƙofa ta ce, "Malam, a bar ni in ji shi sau ɗaya."

Bakin Furera ya taɓe. "Kunna mata. Ina nan, ba sai na yi tafiya ba."

Aka kunna. Alhaji Dabo ya yi gyaran murya, ya ce sannunku da zuwa, ya yi dariya. Hajo ta saurara har ya yi shiru. Sannan ta zare kaset ɗin da hannunta ta tura cikin murhu.

Furera ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, mi ya sa kike kuka?"