Ƙafafun da Ba a Sauke Ba

Da hantsi Sufeto Velkov ya iso sansanin masu hutu na bakin teku. Sanyi ya fara, kowa ya watse. Karabana ɗaya ce ta rage, ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, har lokacin tana ɗaure da wata tsohuwar jar mota. Gawar Tsvetan Rachev na ciki a kan gado, da rauni a ƙeya. Sufeto ya duba, bai ji komai a ransa ba. Aiki ya daɗe da cinye masa wannan.

Matar mamacin, Ginka, na zaune a waje kan kujerar roba, hannuwa a cinya.

"Sannu da haƙuri, Inna. Yaya aka yi?"

"Jiya da yamma muka iso. Muka ci burodi da cuku, muka kwanta. Ya tashi fitsari, ya faɗi. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ƙafar ba ta ɗaukarsa."

Sufeto ya koma ciki. Yana takawa zuwa wajen gado, ɗakin ya yi lilo da shi. Ya fito ya leƙa ƙasa. Ƙafafun ƙarfen nan huɗu da ake saukewa don ɗaki ya tsaya cak, duk suna naɗe.

Ya nemi mai gadin sansanin, tsoho Zlatan, ya same shi yana tara kujeru, ya tambaye shi batun ƙafafun.

"Tsvetan ya kwana bai sauke ƙafafu ba? Haba, ranka ya daɗe! Mutumin da ko ruwa ba ya sha sai ya ga ɗakinsa ya daidaita? Duk bazara suna nan, duk bazara sai ya koya min aikina."

"Jiya ka gan shi?"

"Ita kaɗai na gani a mota. Ta ce yana barci a baya. Na ce a raina, a baya kuma? Ko kare ba a barinsa cikin karabana tana tafiya."

Sufeto ya sake shiga. Kwalbar zuma ta fashe a ƙasa, zumar ta kwarara duk gaba, wajen mota. An goge bakin tebur, amma ba a goge jinin da ke ƙarƙashinsa ba. A gilashin tagar gaba akwai shatin tafin hannu, da yawa.

Ya jawo kujera ya zauna kusa da Ginka.

"Inna, ba ku kwana a ɗakin nan ba. Mijinki a hanya ya mutu."

Ba ta musa ba, ba ta yi kuka ba.

"Duk aurenmu shi ke tuƙi," in ji ta. "Da ya kwanta ciwo sai na karɓa. Sauya giya, Ginka. Kin matsa gefe, Ginka. Ke jaka ce, Ginka? Jiya a kan dutse na tsaya, na ce ya koma baya ya kwanta."

"Kin san haɗarin?"

"Shi ya koya min."

"Sai me ya faru?"

"Na hango shi ta madubi, ya miƙe yana dukan taga, yana nuna min giya da yatsu. Sai na taka birki da ƙarfina."

"Me ke gabanki?"

"Ba komai. Hanya ce fetal."

"Me ya hana ki tsayawa ki duba shi?"

Ta daɗe tana kallon teku.

"Shirun, ɗana. Ban taɓa jin irinsa ba. Ban so ya ƙare ba."

Sufeto bai sa mata ankwa ba. Ya buɗe mata ƙofar bayan motarsa, ya shiga ya tayar. Suna fara hawan tudu injin ya yi nishi.

"Sauya giya," in ji Ginka.

Ya sauya.