Busasshen Rami a Gidan Cif Ajibade

Ƙarfe tara na safiyar Talata, Madam Morenike ta shigo caji ofis ɗin unguwarsu a Ibadan, ta dangwarar da kwalbar ruwa a teburin Insifekta Bolarinwa.

"Oga, shinshina."

Ya buɗe murfin, ya kau da kai da sauri.

"Ruwan rijiyarmu ne," ta ce. "Jiya aka binne mijina, Cif Ajibade. Amai da gudawa. Wata uku kacal da tarewarmu a gidan da ya gina. Mutumin da ko ruwan leda ba ya sha, wai na rijiyarsa ya fi na kowa tsabta."

Insifekta ya fara da Injiniya Oyewole, wanda ya zana gidan. Injiniyan ya baje takarda a kan bonet ɗin motarsa.

"Duba nan, Oga. Banɗaki huɗu, duk a gefe ɗaya, na sama bisa na ƙasa. Bututunsu ya bi gabas zuwa ramin sokawe, inda ƙazantar ke taruwa. Rijiya tana yamma, taku talatin tsakani."

"Ka ga bututun da idonka kafin a zuba kankare?"

"Sarai kuwa."

"Wace rana?"

Injiniya ya sosa ƙeya. "Oga, kai ma ka san yadda aikin yake..."

Insifekta ya sani, abin da ke ƙona masa rai ke nan. Mutum zai yi wata guda yana zaɓen launin tayil, amma ba zai tsaya minti biyar ya ga inda ƙazantarsa za ta bi ba. Masu sa hannu kuwa, daga cikin mota suke duba gini.

A bayan gidan, Insifekta ya sa Saje Akanni ya ɗaga murfin sokawe. Ƙadangare ne ya fito da gudu. Ramin a bushe yake ƙayau.

"Oga," in ji Saje, "ko dai mutanen gidan nan mala'iku ne, ba sa zagayawa?"

Insifekta bai yi dariya ba. Ya karɓi bular wanki wajen Madam, ya juye a masai na banɗakin sama, ya kora ruwa bokiti biyar. Bayan ɗan lokaci aka zura guga a rijiya. Ruwan ya fito shuɗi.

Madam ta ɗora hannu a ka.

Da azahar aka kawo wanda ya yi aikin famfon gidan, Baba Lasisi, dattijo mai furfura, hannunsa duk kanta.

"Ranka ya daɗe, zane na bi. Ƙila bututu ne ya fashe a ƙasa. Kayan yanzu ba su da ƙwari."

"To, mu gani."

Aka fasa kankaren bayan banɗaki da diga. Ga bututun nan lafiya lau. Taku biyu kafin ramin, ya yi kwana ya miƙe yamma, an gangarar da shi daidai yadda ruwa ke so.

"Baba," Insifekta ya ce a hankali, "fasasshen bututu ba ya yin kwana ya shafa wa kansa gam. Wannan aikin gwani ne."

Dattijon ya daɗe yana kallon mahaɗin. Sannan ya miƙe tsaye sosai.

"Na gwani ne. Shekara talatin ban yi aikin da ya kai shi kyau ba."

"Me ya yi maka?"

"Shekara tara da suka wuce ina haya a tsohon gidansa. Ya haƙa masai taku uku daga rijiyarmu. Na durƙusa har ƙasa na ce, Cif, wannan guba ce. Ya ce fili tsada gare shi, wanda ba ya so ya kwashe kayansa. Da damina ta faɗi, matata Asake ta kwana biyu tana amai, ta mutu a hannuna. Hukuma ta zo, ta ci amala a falonsa, ta tafi."

Ya juya ga Madam.

"Da ya kira ni wannan aikin, ya kalli fuskata ya ce, yaya sunanka? Bai ma gane ni ba! Ranar na rantse sai ya sha abin da ya shayar da ita. Ya sha kuwa. Sa ankwar, Oga, ban yi nadama ba."

Insifekta ya kama hannunsa, ya fita da shi ƙofar gida, ya nuna masa wani sabon famfo a jikin katanga.

"Bayan ka gama aikinka, Cif ya sa aka ja wannan daga rijiyar, sadaka ga 'yan layi. Mutum goma sha ɗaya suna asibiti. Mai sayar da amalar can, Iya Sikira, ta cika da asuba. Wa zai haƙa maka naka ramin?"

Can tsallaken titi, mijin Iya Sikira yana zaune a kan benci gaban rufaffiyar rumfarta, ya haɗa kai da gwiwa.

Baba Lasisi ya dubi mutumin. Ya miƙa hannuwansa biyu.

"Saje, tafi da shi," in ji Insifekta. "Ka dawo da mota. Injiniya ma yana da amsar da zai ba ni."