Madubin Hagu

Tana shanya wanki ƙanin mijinta ya shigo ba sallama, riƙe da madubin babur. Na hagu ne, ko tsagewa bai yi ba. Ta zauna a ƙasa da jiƙaƙƙiyar riga a hannu.

Shekara uku kafin ranar, akuyar mahaifiyarta ta kwanta, aka kira mai allurar dabbobi. Ya zo a ɗan ƙaramin babur shuɗi, irin wanda ake jera ƙafafu a gaba. Ita ta riƙe masa akuyar.

"Riƙe ta da kyau, ƙanwata."

"Ai ba ta motsi. Hannunka ne ke rawa, Likita."

Akuya ta warke a kwana biyu, shi kuwa ya yi wata yana zuwa dubiya. Daga nan sai saƙonni.

"Fasinjata, yau na bi bayan gonaki. An yi ruwa, ƙasa sai ƙamshi, shuka ta rufe hanya hagu da dama. A gangaren gada na kashe inji, babur na tafiya da kansa, ba ka jin komai sai iska. Kujerar baya ce kawai ba kowa."

Ta amsa: "Fasinja ba ta hawa sai Baba ya yarda."

Baba bai yarda ba. Wani mai shagon siminti yake so ta aura, mai mota.

"Ƙafa biyu ba ta da amana," in ji shi. "Hanyar nan manyan motocin yashi ke bi. Ba zan aurar da ke yau, gobe ki dawo mini da takaba ba."

Tsakiyar damina saniyar Baba ta kasa haihuwa. Mai siminti ya tafi ɗauko likitan birni, motarsa ta kafe a laka. Ɗan babur ɗin ne ya ratso ta kan kunyoyin gona, mai shi jiƙe sharkaf. Da maraƙi ya miƙe tsaye, Baba ya daɗe yana kallon babur.

"Madubinka na hagu ya fashe. Ka sa sabo, ka riƙa duba bayanka. Sannan ka turo manyanka."

Aka ɗaura aure. Baba ya dafa kanta, ya ce: "Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya tsare muku hanya."

Washegari mijin ya goya ta a babur. Rana ba zafi, iska na kaɗa mayafinta, ƙananan tsuntsaye na tashi daga gabansu. Kafin gangare ya sa hannu ya karkata sabon madubin, har fuskarta ta cika shi.

"Mayar da shi. Ka yi wa Baba alkawari."

"Na dama ya ishi hanya. Wannan naki ne. Fasinja ta zauna?"

"Ta zauna."

Ta yi dariya. Dariyar nan ce take ci mata rai har yau, don bai ƙara mayar da shi ba, ko tana baya ko ba ta nan. Motar yashin da ta kashe shi kuwa, an ce, ta hagunsa ta zo, a gangaren gada.

Baba bai taɓa cewa na faɗa ba. Da kansa ya kafa mata ƙusa a bango, kusa da ƙofa, ya rataye madubin.

Kullum da safe, kafin ta hura wuta, takan goge shi da bakin mayafinta, ta tsaya har fuskarta ta cika shi.

"Ta zauna, Likita," takan ce.