Wadda Ke Amsa Sunan Fadila

Daga la'asar sakaliya zuwa magariba Malama Jummai ke jingina wayarta da filas, tana koya wa 'yan mata tara lissafi ta intanet, duk masu shirin jarrabawar gama sakandare. Bakinta ya gaji da roƙon su kunna kyamara. Wannan ta ce data ta kusa ƙarewa, waccan ba ta sa hijabi ba, wata ɗakinsu a hargitse yake. Ala tilas ta haƙura, tana ta zuba wa baƙin allo karatu kamar mai magana da bango.

Cikinsu akwai Fadila ta Ƙofar Guga, wadda ita da lissafi sai dai kallo daga nesa. Amma mako uku ke nan kafin a dire tambaya ta ba da amsa. Jummai ta ji daɗi ƙwarai, har gori take yi wa sauran da ita.

Ran wata Laraba, rana ta yi ja, sai ta jiyo ƙarar duwatsu kan kwano daga ɓangaren Fadila, da kukan wata mata can nesa. Ta ce a kunna kyamara, allon yana nan baƙi. Ta sake faɗa. Sai murya ta fito, ta Fadila ce amma ta tsufa.

"Sai yau kika nemi ganinta?"

Allon ya buɗe. Rassan tsamiya ne a sama, a ƙasa fuskar yarinyar a rame, idanu sun juye fari fat.

Washegari Jummai ta isa gidan su Fadila. Dije, uwar Fadila, ta ce sabis ba ya kamawa a ɗaki sai gindin tsamiyar bayan gida, can yarinyar ke zama har almuru, lokacin da kowa ke tattara 'ya'yansa ciki. Tun daga nan ba ta ci, ba ta gane uwarta. In an ƙwace wayar, sai ruwan duwatsu.

Malam Babaji, wani dattijon malami da aka ɗauko daga Ƙofar Ƙaura, ya zauna kan buzunsa yana karatu a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya daɗe yana yi kafin jikin Fadila ya hau rawa. Sai aljana ta yi magana ta bakinta, ta ce tsamiyar nan gidanta ce tun ganuwa na tsaye, yarinyar ce ta kawo mata karatu har ƙofa, ita kuwa ya yi mata daɗi. Ta nemi a bar mata Fadila zuwa bayan jarrabawa, za ta ciyo mata sakamakon da ba a taɓa gani ba.

"Ba sakamako muka zo nema ba," in ji Malam. "Ɗiyar mutane za ki ba mu."

Ta juyo da fararen idanun kan Jummai. "Mako uku ina amsa sunanta, kina sa mini albarka. Mi na sata, abin da ba mai dubawa?"

Jummai ta sunkuyar da kai, kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Malam ya ci gaba da karatu har aljanar ta sauko, ta ce za ta tafi in an daina zama gindin itacenta da magariba. Aka amince. Fadila ta yi atishawa uku, ta buɗe ido, ta ce, "Inna, yunwa nake ji."

Jummai ta maida darasin zuwa hantsin Asabar, ta kuma ce wadda ba ta ga fuskarta ba, ba ta fara karatu. Wannan karon ba wadda ta kawo uzuri. Fuskoki tara suka fito, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da ido, sannan ta ba Fadila tambaya mai sauƙi.

Yarinyar ta ciji biro, ta ƙirga yatsu, ta daɗe, ta ba da amsa ba daidai ba.

Jummai ta goge ido da gefen hijabi. "Alhamdulillahi," ta ce. "Ba haka ba ne, ɗiyata. Mu sake daga farko."